Guzurin Matafiyi: Yadda Canjin Kuɗin Waje Yake a Katsina Yanzu

Duk shekara, da zarar Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina ta kira maniyyata su biya kuɗin kujera, ko kuwa Azumi ya gabato masu Umara suka fara haramar tafiya, tambayoyi iri ɗaya ne ke yawo a majalisu da shaguna da harabar bankunan titin IBB. Har yanzu akwai dalar gwamnati mai rahusa? Me ya sa banki ke cewa sai dai kati, ba ya ba da tsaba? Dala ya kamata a riƙa ko riyal? Ɗan canjin da aka daɗe ana hulɗa da shi, doka ta san da zamansa kuwa? Amsoshin da mutane ke ba junansu galibi na jiya ne, domin daga Yunin 2023 zuwa tsakiyar 2025 da wuya a sami ƙa'idar canji ɗaya a Najeriya da ba a taɓa ta ba.

Ruɗanin ya fi yawa a gari irin Katsina saboda matafiyanta ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai shiga mota da safe ya yi Azahar a Maraɗi, akwai tsohuwar da jirgin Makka ne jirginta na farko, akwai kuma ɗan kasuwa da ɗalibi da majiyyaci masu nufin Sin ko Masar ko Indiya. Dokokin da ake rubutawa a Abuja sun fi kama da an yi su ne domin na ukun. Na farko da na biyu, waɗanda su ne mafi yawa a nan, sau da yawa sai dai su nemi yadda za su yi.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Canji shi ne musayar kuɗin wata ƙasa da na wata, farashin canji kuwa shi ne yawan nairar da za a ba da a karɓi dala ɗaya ko riyal ɗaya. Kowane mai canji yana da farashi biyu, wanda yake saye da wanda yake sayarwa, ratar da ke tsakaninsu kuma ita ce ribarsa. Shi ya sa wanda ya sayi dala da safe ya mayar da ita da yamma sai ya ga kuɗinsa sun ragu, ko da kasuwa ba ta motsa ba.

Kasuwar hukuma ita ce wadda bankuna ke saye da sayarwa a ƙarƙashin idon Babban Bankin Najeriya, wato CBN. Kasuwar bayan fage kuwa ita ce ta tsabar kuɗi hannu da hannu, wadda cibiyoyinta mafi suna a Arewa su ne Wapa a unguwar Fagge ta Kano da Zone 4 a Wuse ta Abuja. Farashin da ake faɗa a Katsina yakan bi sawun waɗannan wurare biyu ne, ta wayar salula. A tsakanin kasuwannin biyu akwai kamfanonin canji masu lasisi, waɗanda takardun hukuma ke kira BDC. Jama'a dai duk 'yan canji suke ce musu, da mai lasisi da yaron da ke tsaye a bakin titi yana yi wa mota alama da yatsu, alhali a wurin doka bambancinsu babba ne.

Sai kuɗin guzuri. PTA shi ne kason da doka ta yarda a sayar wa mai tafiyar ƙashin kansa, iyakarsa dala 4,000 a kowane wata uku. BTA na mai tafiyar kasuwanci ne da sunan kamfani, dala 5,000 a wata uku. Guzurin alhazai ma haruffan BTA ake kiransa da su, amma tsarinsa daban ne, yana cikin kuɗin kujera kuma hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ita ke tsayar da adadinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake kyauta. Izini ne kawai na sayen kuɗin waje har zuwa wani adadi, da nairar mutum.

Yadda aka wayi gari da farashi biyu

Canji tsohuwar sana'a ce a Katsina, garin da ayarin Sahara ke sauka tun kafin Kano ta karɓe ragamar ciniki. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratso ta Katsina zuwa Kano a farkon 1851, ana musayar dalar azurfa ɗaya da wuri kimanin 2,500. Naira kuwa sai ranar 1 ga Janairun 1973 ta fito, naira biyu a madadin fam ɗaya, kuma a 1980 kwabo 55 ko kusa da haka ke sayen dalar Amurka.

Karyewar farashin man fetur ce ta kawo ƙarshen wannan zamani. A Satumbar 1986 gwamnatin Janar Babangida ta buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na SAP, dala ta haura naira 4 a gwanjon farko, sannan a 1989 aka fara ba da lasisin kamfanonin canji domin ƙananan masu buƙata, musamman matafiya. A zamanin Janar Abacha an ɗaure farashin hukuma a kusan naira 22 alhali a waje dala ta wuce naira 80. Tun daga nan mutane suka san cewa duk wanda ya sami dala a farashin gwamnati ya ci riba tun kafin ya fita daga banki.

Sanadin bai ɓuya ba. Mafi yawan kuɗin wajen da gwamnati ke samu daga ɗanyen mai ne, ƙasar kuma tana sayo magani da injuna da alkama daga waje, har da tataccen mai na tsawon shekaru. Idan dalar da ke shigowa ta gaza wadda ake nema, hukuma kuma ta ƙi barin farashi ya tashi, sai a koma rabo. Inda ake rabo kuwa akwai layi, akwai sanayya, akwai wanda zai karɓa ya kai bayan fage. A farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a banki, tana kusan 750 a Wapa. Mai PTA cikakke, dala 4,000, idan ya juya ta yana iya tashi da ribar da ta haura naira miliyan ɗaya. Abin ya yi ƙamari har a 2021 CBN ya umarci bankuna su wallafa sunayen waɗanda suka karɓi guzuri da bizar bogi ko suka soke tikiti bayan sun karɓa. Matafiyin gaskiya shi ya sha wahalar, yana jiran mako da makonni ranar tashinsa na ƙaratowa.

A ranar 27 ga Yulin 2021 gwamnan CBN na lokacin, Godwin Emefiele, ya dakatar da sayar wa kamfanonin canji dala. Kafin nan kowannensu, su fiye da 5,000, yana samun dala 20,000 a mako. Ya zarge su da zama hanyar safarar kuɗin haram. Ratar farashin dai ba ta rufe ba, ƙaruwa ta yi.

Abin da ya sauya tun 2023

Ranar 14 ga Yunin 2023, mako biyu bayan rantsar da Shugaba Tinubu, CBN ya haɗe kasuwanninsa wuri guda, ya ce mai saye da mai sayarwa su daidaita a tsakaninsu. Kafin watan ya ƙare farashin hukuma ya wuce naira 700. A Fabrairun 2024 dala ta doshi naira 1,900 a bayan fage, ta faɗo kusan 1,100 a Afrilu, ta sake hawa, sannan ta shafe yawancin 2025 tana kai-komo a kewayen 1,500. Abin lura ga matafiyi shi ne farashin banki da na bayan fage sun matso kusa da juna ƙwarai. Dalar gwamnati mai rahusa da ake ta tambaya, babu ita. Wanda ya ce zai samo ta a rabin farashi idan aka ba shi kuɗi tukuna, a yi hattara da shi.

Sabon gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya biyo da wasu matakan a jere. A Fabrairun 2024 an hana bankuna biyan PTA da BTA da tsabar kuɗi, sai ta kati. Ranar 1 ga Maris aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya. A watan Mayu sabbin ƙa'idoji suka fito: kamfanin da ke son aiki a duk faɗin ƙasa sai ya mallaki jarin naira biliyan 2, wanda zai tsaya a jiha ɗaya naira miliyan 500, alhali a da miliyan 35 ne. An haramta cinikin bakin titi. Kamfani mai lasisi na iya ba matafiyi kashi 25 cikin ɗari na guzurinsa a hannu, sauran a kati, sai dai idan duka kuɗin bai wuce dala 500 ba. Wa'adin cika jarin ya ƙare a watan Yunin 2025.

Akwai sauƙi guda da ya zo a Yulin 2025, lokacin da wasu bankuna suka dawo da amfani da katin naira a ƙasashen waje bayan dakatarwar da ta faro tun 2022. Kowane banki da iyakar da ya sa, kuma farashin da zai cire da shi na ranar da aka yi sayayyar ne.

Hanyar Maraɗi

Daga Katsina zuwa Maraɗi, ta Jibiya da Ɗan Issa, bai kai kilomita 100 ba, ya fi zuwa Kano kusa. Ga Kwangwalam ta wajen Daura, ga Ɗankama a ƙaramar hukumar Kaita. Wannan ita ce tafiya ƙasar waje da Bakatsine ya fi yi, ko da shi bai ɗauke ta haka ba: biki, gaisuwar mutuwa, cin kasuwa, asibiti, ko kai yaro Jami'ar Maryam Abacha da ke Maraɗi. Tsarin PTA bai san da wannan matafiyi ba. Ana neman fasfo da biza da tikitin jirgi na zuwa da dawowa, shi kuwa ba ya buƙatar biza, motar haya ya shiga. Saboda haka cinikin sefa kusan gaba ɗayansa yana hannun 'yan canjin tasha da na bakin iyaka, da dam ɗin kuɗinsu ɗaure da roba a kan ɗan tebur.

Baƙo yakan rikice da lissafi a nan. A Nijar ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya a Hausa, da dala ake ƙirga ta, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Mai shayi ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Jaka ɗaya sefa 1,000 ce, kuma da jaka ake faɗin farashin canji.

Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsi daga nan. Saboda haka duk faɗuwar da naira ta yi a gaban yuro, ta yi ta a gaban sefa. A 2014 jaka ɗaya ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta haura 2,500. Da wannan mutum zai iya auna farashin da aka faɗa masa: ya duba kuɗin yuro a ranar, ya raba da 656, ya ninka sau dubu. Misali, idan yuro yana naira 1,700, jaka za ta kama kusan naira 2,590. Ɗan bambanci sama ko ƙasa ribar mai canji ce da yanayin kasuwar ranar. Bambanci mai yawa kuwa dalili ne na a tambayi mutum na biyu.

Siyasa ma tana shiga lissafin. An rufe wannan iyaka daga 1984 zuwa 1986, an sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka kulle ta har Maris ɗin 2024. Duk rufewa tana rage sefar da ke shigowa ta halastacciyar hanya, ta tura mutane hanyoyin daji. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma har yanzu sefa take kashewa. Ƙarfin sefar kuma ya juya akalar ciniki: a 2024 mutumin Maraɗi da ya canza jaka ɗari yana shiga kasuwar Jibiya ko ta Mai'adua da abin da ya haura naira dubu 250, shi kuwa Bakatsinen da zai je gaishe da dangi a can sai ya ga guzurinsa ya tsuke.

Guzurin alhaji

A nan ne canji ya fi taɓa gidaje. Kusan duk abin da ke cikin kuɗin kujera, jirgi da masauki a Makka da Madina da tantin Mina da abinci, da dala ko riyal ake biyansa. A 2022 kujera tana kusan naira miliyan 2.5, a 2023 kusan miliyan 2.9. A 2024 aka fara sanar da kusan miliyan 4.7 ga jihohin Arewa, sai a watan Maris aka nemi ƙarin fiye da miliyan 1.9 daga waɗanda suka riga suka biya, duk da tallafin naira biliyan 90 da gwamnatin tarayya ta sa. A 2025 ta kai kusan miliyan 8.46. Manomin da a da amfanin damina ɗaya da 'yan shanu biyu ke kai shi Makka, yanzu sai ya haɗa da gona. Kujeru 95,000 da Saudiyya ta ware wa Najeriya ba a cike su ba a 2024.

Guzurin ma ya ragu. A 2023 dala 800 aka tsara, aka zare 100 saboda yaƙin Sudan ya tilasta wa jirage zagaye. Daga 2024 ya koma dala 500. Riyal yana ɗaure da dala tun 1986 a kan 3.75, don haka dala 500 riyal 1,875 ce a lissafi, kafin mai canjin Makka ya cire ɗan abinsa. Hadaya kaɗai ta hannun hukuma tana cin kimanin riyal 720 a 'yan shekarun nan. Abin da ya rage shi ne na mota da kiran gida da tsarabar jikoki har tsawon wata guda. Dole mai hali ya nemi ƙari, kuma wurin ɗan canji yake nufa.

Dala ko riyal? Tunda farashinsu a ɗaure yake, lissafin mai sauƙi ne. A raba kuɗin dala da 3.75. Idan dala tana naira 1,500, riyal ya kamata ya tsaya kusa da naira 400. In an sami riyal a kusa da haka a gida, ya fi, domin an tsallake canji na biyu. Amma lokacin tashin alhazai masu nemansa sukan yi yawa har ya yi tsada fiye da ƙimarsa, a irin wannan hali riƙe dala ya fi riba.

Akwai haɗarin da masu bita ke nanatawa kowace shekara. Takardun dalar Amurka duk girmansu ɗaya, launinsu ma ya yi kusa. Wanda bai iya karanta lamba ba ba zai bambance dala 1 da dala 100 ba, kuma an sha samun alhazan da wani ya karɓi kuɗinsu da sunan taimako ya musanya musu. Ta ɗari tana ɗauke da hoton Benjamin Franklin, mai sanƙo da dogon gashi ta baya. Sabuwarta, wadda ta fito a Oktobar 2013, tana da shuɗin zare a tsaye a tsakiya, idan aka karkata ta sai ƙananan zanen da ke cikin zaren su motsa, kafaɗar rigar mutumin kuma tana da kaushi idan aka shafa da yatsa. 'Yan canji sukan rage farashin tsohuwar takarda da ƙananan takardu, ko su ƙi karɓa. Amurka ba ta soke ko ɗaya ba, CBN ma ya gargaɗi bankuna a 2024 su daina ƙin karɓarsu, amma matafiyi ba zai tsaya gardamar doka a gaban shagon canji a Makka ba. Ya nemi sabuwa tun daga gida.

Wannan haɗari na cikin hujjojin masu son a mayar da guzurin alhazai kan kati. An shirya yin haka a 2025, sai hukumomin alhazai suka nuna cewa yawancin maniyyata mutanen karkara ne da ba su taɓa cire kuɗi a na'ura ba, balle a ƙasar da ba su jin harshenta. Bayan sa bakin Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima, CBN ya amince a biya da tsaba a shekarar. Hukuncin ya dace da halin da ake ciki. Kati yana maganin sata da musanya, amma wanda bai iya amfani da shi ba sai ya miƙa wa wani katin tare da lambar sirrin, an koma gidan jiya.

Ɗalibi, majiyyaci da ɗan kasuwa

Waɗannan su tsarin banki ya fi yi wa amfani. Ana cike takardar da ake kira Form A ta intanet, a haɗa da lambar BVN da fasfo da biza da tikiti, ko takardar makaranta, ko ta asibiti. Kuɗin makaranta da na asibiti kai tsaye ake tura su asusun makarantar ko asibitin. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta tura ɗalibai karatun likitanci a Masar da wasu fannonin a Sin, kuma kuɗin irin wannan karatu, na gwamnati ne ko na iyaye, ya ninka fiye da sau uku a naira tsakanin farkon 2023 da 2024 ga wanda a da yake samun farashin banki.

'Yan kasuwar da ke sayo kaya a Guangzhou ko Dubai da yawansu ba sa ɗaukar kuɗi ko kaɗan. Suna zuba naira a asusun wani a nan, wakilinsa ya ba su yuwan ko dirhami a can. Tsari ne mai sauri da ya ginu a kan amana, amma ba shi da rasit ɗin da kotu za ta karɓa cikin sauƙi, kuma idan asusun da aka zuba kuɗin yana cikin binciken hukumar EFCC, mai gaskiya ma sai ya amsa tambayoyi.

Hannu da hannu

A Katsina ba a raba wannan magana da tambayar halas da haram. Malaman fiƙihu na zamani sun ba kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa. Sayar da naira da dala a kan duk farashin da aka yarda halas ne, tunda jinsinsu daban, da sharaɗin kowa ya karɓi nasa kafin a rabu. Mazhabar Malikiyya da ake bi a nan tana da tsanani a kan jinkiri. Saboda haka "kawo nairar yau, ka zo jibi ka karɓi dalar" ciniki ne da malamai ke hanawa, kuma ta wannan ƙofar ce yawancin damfara ke shigowa. Game da taransifa, malamai da yawa suna ɗaukar shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa, muddin ya shiga a zaman. Ana so dai a duba asusun da kyau, domin akwai alat na ƙarya.

Ra'ayoyi sun rabu

Babban Banki da masu goyon bayansa suna cewa gyaran ya yi aiki. An biya bashin canji na kimanin dala biliyan 7 da aka gada, asusun ajiyar ƙasa na waje ya haura dala biliyan 40, layin PTA ya ɓace, kuma ribar juya dala ta mutu tunda ratar ta rufe. A ganinsu kamfanonin canji fiye da 5,000 sun yi wa kowace hukuma yawan da ba za ta iya sa musu ido ba.

Ƙungiyar masu canji ta ƙasa, ABCON, a ƙarƙashin Alhaji Aminu Gwadabe, ta yi ta kukan cewa jarin da aka gindaya ya fi ƙarfin mafi yawan mambobinta, kuma rufe su zai raba dubban mutane da abincinsu. Sana'ar kuwa 'yan Arewa ne suka fi yawa a cikinta, har a Legas. Akwai kuma masu ganin 'yan canji su ne ke karya naira da ɓoye dala da yaɗa farashin ƙarya, ra'ayin da ya sa aka riƙa kai samame Zone 4, aka kuma matsa wa dandalin cinikin kuɗin intanet na Binance har ya daina hulɗa da naira a Maris ɗin 2024. Masana tattalin arziki da dama suna mayar da martani cewa ɗan canji ba shi ke haddasa ƙarancin dala ba, ƙarancin ne ke samar masa kasuwa.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Gaskiya ne cewa tsohon tsari ya azurta masu hanya ya bar matafiyi a layi, kuma haɗe farashin ya fi kamun mutane tasiri wajen kashe cuwa-cuwa. Amma sharaɗin naira miliyan 500 bai yi la'akari da gari irin Katsina ba. Mai irin wannan jari Legas da Abuja da Kano zai buɗe ofis, inda ciniki yake. Mai canza jaka ashirin a Magamar Jibiya ba zai taɓa cika sharaɗin ba, kuma ba zai daina sana'ar ba tunda kullum akwai mai tsallaka iyaka. Sakamakon shi ne cinikin da jama'a ba su da makawa a kansa ya koma wajen doka, inda wanda aka cuta ba shi da wurin kai ƙara. Ƙaramin lasisi mai sauƙin jari domin garuruwan iyaka, wanda zai taƙaita ga sefa da ƙananan adadi, ya fi kusa da magance wannan fiye da haramci.

A gaban kwastan

Wata dokar da ake yawan jahilta ita ce ta bayyana kuɗi. Ɗaukar kuɗin waje mai yawa ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai fita ko shigowa da abin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsa a kowane irin kuɗi, ya bayyana wa jami'an kwastan. Wanda bai yi ba yana iya rasa kuɗin, ko ya sha ɗaurin aƙalla shekara biyu, ko duka biyun. A Maris ɗin 2025 kwastan a filin jirgin Malam Aminu Kano suka kama fiye da dala miliyan 1.1 da riyal 135,900 a cikin kwalayen dabino daga Saudiyya, kotu kuma ta mallaka wa gwamnati kuɗin. Dokar ta shafi filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da iyakar Jibiya kamar yadda ta shafi Kano. Can ma akwai tasu, a 2025: Saudiyya riyal 60,000, ƙasashen Tarayyar Turai yuro 10,000, Ingila fam 10,000. Masu karɓar saƙon kuɗi daga mutane daban-daban su kai wa 'yan'uwa a Makka su sani cewa jimillar abin da ke jikinsu ake ƙirgawa, ba rabon kowane mai saƙo ba.

Abin da ake sa ran gani

Idan ratar farashi ta ci gaba da zama ƙarama, masu takardu za su ƙara komawa banki da kati, cinikin dalar bayan fage ya rage ga masu gaggawa da masu gudun a san su. Ɗan ƙarfin da naira ta yi a ƙarshen 2025 ya sa an rage kujerar Hajjin 2026 zuwa ƙasa da naira miliyan 8, amma wannan sauƙi ya dogara da farashin ɗanyen mai da yawan wanda ake haƙowa, abubuwan da suka sha juyawa. Maganar mayar da guzurin alhazai kan kati za ta sake tasowa, kuma nasararta na ga ko za a koya wa maniyyata amfani da shi a wurin bita tun watanni kafin tashi.

Ta ɓangaren Nijar, akwai tsarin PAPSS da aka ƙaddamar a Accra a Janairun 2022 domin ɗan kasuwar Afirka ya biya da kuɗin ƙasarsa, abokin cinikinsa ya karɓa da nasa, ba tare da an bi ta dala ba, sai dai bai kai ga teburin mai canjin tasha ba tukuna. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, zai ratsa ta Katsina da Jibiya. Ranar da ya fara jigila, masu neman sefa a Katsina za su ƙaru ƙwarai, kuma ƙa'idojin Mayun 2024 ba su yi tanadin wanda zai sayar musu da ita bisa doka a tasoshin ba.